Tikitin Sinima da Katin Zaɓe: Yadda Ɗan Indiya Ke Kallon Finafinan Hindi

Fiye da shekara 60 ke nan finafinan Indiya suna shigowa ƙasar Hausa, tun zamanin da 'yan kasuwar Labanan suke kawo su gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Eldorado a Kano, har zuwa yau da ake tura su a waya an yi musu fassarar Hausa. Abin da Bahaushe ya fi tsinta a cikinsu sananne ne: soyayyar da iyaye suka hana, kunyar da ke tsakanin saurayi da budurwa, biyayya ga uwa, waƙa, da karon jarumi da bos a ƙarshe. Amma mutumin da aka shirya fim ɗin dominsa, wanda ke zaune a Lucknow ko Patna ko Mumbai, yana shiga sinima ne da wani kaya a kansa wanda mu ba mu ɗauka ba.

Yana shiga ne da labaran da ya kwana yana gani a talabijin, da saƙonnin da 'yan uwa suka yi ta tura masa ta WhatsApp. Da jin sunan dangin jarumi ya san addininsa, ya san yankinsa, ya kuma san matsayin da tsarin gado na al'ummar Hindu ya ba shi, ko Brahmin ne na sama, ko Dalit ne da aka daɗe ana ƙyamar ko da taɓa shi. Idan aka ranbaɗa wa bos kwalli aka bar masa gemu, ya san su wa ake nufi. Idan mayafi ruwan goro ya gilma, ya san launin da masu kishin Hindu suka riƙa ne, kuma shi ne ya fi yawa a tutar jam'iyyar BJP mai mulki. Ya san abin da jarumin ya faɗa a kan gwamnati bara, ko abin da ya ƙi faɗa a lokacin da ake jiran ya buɗe baki. Duk waɗannan suna zubewa a hanya kafin fim ya iso Kano ko Maraɗi, shi ya sa fim ɗaya yakan zama labarin ramuwar gayya kawai a wurinmu, a can kuwa ya zama abin da 'yan majalisa ke tayar da jijiyar wuya a kansa.

Kuskure ne a ɗauka cewa firaminista Narendra Modi, wanda ya hau mulki a 2014 a ƙarƙashin BJP, shi ne ya fara cusa siyasa a fim. Tun da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, masana'antar fim da ke Bombay (Mumbai ta yanzu) take tafiya da iskar gwamnatin da ke ci. A zamanin Jawaharlal Nehru, wanda ya yi firaminista daga 1947 zuwa 1964, mugun da ke cikin fim shi ne mai ba da bashi da ruwa da mai manyan gonaki. Do Bigha Zamin na 1953 labarin manomi ne da bashi ya kora zuwa Calcutta yana jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi 'yar gonarsa. Mother India na 1957, wanda tsofaffinmu suka haddace, yana farawa ne da ƙaddamar da magudanar ruwan noma a ƙauye, wato irin ayyukan da gwamnatin Nehru ke alfahari da su. Bayan yaƙin 1965 da Pakistan, firaminista Lal Bahadur Shastri da kansa ya nemi Manoj Kumar ya yi fim a kan takensa na jinjina wa soja da manomi, daga nan aka sami Upkar a 1967.

Saƙon da ya fi ƙarfi a wancan zamani shi ne zaman tare, domin ƙasar ta fito ne daga zubar da jinin rabuwa da Pakistan. Masana'antar kanta cakuɗe take. Muhammad Yusuf Khan ya zama Dilip Kumar, Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari, kuma wannan sauya suna shi kaɗai ya isa ya nuna cewa zaman taren yana da sharaɗi. Duk da haka, a Baiju Bawra na 1952 akwai waƙar bautar Hindu da har yau ake ji da ita, wadda Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya yi mata kiɗa, Mohammed Rafi ya rera, dukkansu Musulmi. A Amar Akbar Anthony na 1977, 'yan uwa uku da aka raba tun suna yara, ɗaya ya tashi Bahindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, sun kwanta a jere a asibiti ana zuƙar jininsu yana gangarawa kai tsaye zuwa jikin wata makauniya, ba su san uwarsu ce ba. Duk likitan da ya ga wannan sai ya yi dariya, amma babu ɗan kallon da ya kasa gane cewa uwar nan Indiya ce.

A shekarun 1970 ne fushi ya shigo. Farashin abinci ya tashi, matasa sun gama karatu babu aiki, ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi gagarumin yajin aiki a 1974 gwamnati ta murƙushe shi. A wannan yanayi ne Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta Zanjeer na 1973 da Deewaar na 1975, suka mai da Amitabh Bachchan fusataccen saurayin da duniya ta sani. A Deewaar ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, yana ɗauke da lambar aiki 786 da wani dattijo Musulmi ya ce masa mai albarka ce, kuma a hannunsa akwai zanen da aka yi masa da ƙarfi tun yana yaro, mai cewa ubansa ɓarawo ne. Uban kuwa shugaban ƙungiyar ƙwadago ne da mai kamfani ya tilasta wa cin amanar ma'aikata. Abin lura a nan shi ne inda fushin ya dosa. Sama yake kallo, wajen attajiri da ɗan fasa-ƙwauri da ɗan sanda mai karɓar na goro da hukumar da ta yi watsi da talaka. Maƙwabci ba ya cikin waɗanda ake fushi da su.

Gwamnatin Indira Gandhi ta san ƙarfin wannan abu, kuma a lokacin dokar ta-ɓaci, daga Yunin 1975 zuwa Maris na 1977, ta nuna wa masana'antar iyakarta. An dakatar da Aandhi saboda ana ganin jarumar ta yi kama da firaminista. An ƙona kwafe-kwafen Kissa Kursi Ka, fim ɗin da ya yi wa gwamnati shaguɓe. An daina sa waƙoƙin Kishore Kumar a rediyon gwamnati domin ya ƙi yin waƙa a taron jam'iyyar Congress mai mulki a lokacin. Hatta ƙarshen Sholay sai da hukumar tace finafinai ta sa aka sauya, aka kawo 'yan sanda su kama bos ɗin fim ɗin, Gabbar, maimakon a bar mutumin da ya yanke wa hannuwa ya kashe shi. Amma akwai wani abu da ya faru a Fabrairun 1977 da ya kamata a riƙe. 'Yan adawa sun shirya babban gangami a filin Ramlila da ke Delhi, sai gidan talabijin na gwamnati ya sa Bobby, fim ɗin soyayya da matasa ke mutuwa a kansa, a daidai lokacin taron, don mutane su zauna a gida. Jama'a suka bar Bobby suka cika filin, kuma wata guda bayan haka Indira Gandhi ta faɗi zaɓe.

Shekarun 1990 sun zo da abu biyu a lokaci guda. A 1991 aka buɗe tattalin arziki a ƙarƙashin Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh, sai jarumi ya tashi daga ɗan dako ya koma ɗan mai kuɗi da ke zaune a Landan yana kewar gida, kamar a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. A Disambar 1992 kuma masu kishin Hindu suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, rikici ya ɓarke a Bombay, bama-bamai suka biyo baya a Maris na 1993. Daga nan Musulmin cikin fim ya fara sauya kama, daga amintaccen abokin jarumi zuwa wanda sai ya tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne na gari. A ranar 15 ga Yunin 2001 aka saki finafinai biyu tare. A Lagaan, ƙauye guda ne da Bahindu da Musulmi da Sikh da Dalit suka haɗu suka doke Turawan mulkin mallaka a wasan kurket. A Gadar, Sunny Deol ne ya tsallaka Pakistan ya tumɓuke famfon ruwa yana jibgar jama'a. Dukkansu sun yi kasuwa, amma Gadar ya fi sayar da tikiti, kuma wanda ya lura da wannan tun a lokacin ya hango inda aka dosa.

Wani lokaci fim ne ke shiga gaban labarai. An saki Rang De Basanti a Janairun 2006, kuma a cikinsa matasa sun taru da kyandirori a India Gate suna neman a bi kadin abokinsu matuƙin jirgin yaƙi. Wata guda bayan haka kotu ta sallami ɗan wani ɗan siyasa da ake zargi da harbe Jessica Lal a gaban mutane a Delhi. Sai ga jama'a na gaske sun fito da kyandirori a wannan wuri, matsin lamba ya yi yawa, babbar kotun Delhi ta sake duba shari'ar, ta same shi da laifi kafin shekarar ta ƙare.

Kafin a zo kan zamanin Modi, dole a san wane ne ma wannan ɗan kallo, domin ba mutum ɗaya ba ne. Indiya tana da mutane sama da biliyan 1.4, amma allunan sinima da ke ƙasar kimanin 10,000 ne kacal. Tsohuwar sinima mai ɗaki ɗaya, inda direban keke-napep da lebura ke zama a kujerun gaba suna fito suna watsa tsabar kuɗi idan jarumi ya bayyana, ta yi ta mutuwa tun da aka buɗe sinima mai ɗakuna da yawa ta farko a Delhi a 1997. Sabuwar sinimar tana cikin manyan shagunan zamani masu sanyin na'ura, kuma kuɗin tikitin iyali da gugguru zai iya cinye abin da lebura ke samu a kwanaki. Saboda haka furodusoshin Mumbai suka shafe shekaru suna yi wa 'yan birni masu jin Turanci fim, suka manta da mutanen Bihar da Uttar Pradesh. Talaka ya koma wayarsa, musamman bayan da kamfanin Jio ya karya farashin data a 2016. Duk lokacin da aka ce fim ya yi ciniki na biliyoyin rupi, ana magana ne a kan zaɓin wani yanki na al'umma, wanda ya fi karkata ga masu hali da mazauna birane.

Abin da ya sauya bayan 2014 shi ne alƙiblar fushin. Jarumi yana nan da zafinsa, amma yanzu sau da yawa shi ne hukumar: soja ne, ko jami'in leƙen asiri, ko sarkin Hindu na da, abokin gabarsa kuwa Pakistan ce, ko sarkin daular Mughal ta Musulmi da ta mulki Indiya a da, ko malamin jami'a da ɗan jarida da ake nuna su a matsayin maciya amanar ƙasa. Uri, wanda ya fito a Janairun 2019, watanni kaɗan kafin babban zaɓe, ya ba da labarin farmakin da Indiya ta ce ta kai tsallaken iyakar Kashmir a 2016, kuma kirarin da jarumin ke yi wa sojojinsa ya shiga bakin ministoci, har Modi da kansa ya yi shi a wajen buɗe gidan tarihin finafinai a Mumbai. Fim ɗin tarihin rayuwar Modi kuwa sai da hukumar zaɓe ta hana a sake shi har aka gama jefa ƙuri'a.

Gwamnati ba ta buƙatar zuba kuɗinta a irin waɗannan finafinai. Hanyoyin taimakon sun fi haka wayo. Jihar da BJP ke mulki takan yafe kasonta na harajin tikiti, wanda ke rage farashi, ya kuma zama tambarin amincewa. Manyan 'yan siyasa sukan je kallo a ɗauke su hoto. Ƙungiyoyi sukan saye kujerun ɗaki guda su raba kyauta. The Kashmir Files na Vivek Agnihotri, wanda aka yi da ƙaramin jari aka saki a Maris na 2022, ya sami duk wannan har da yabon firaminista, ya kuma tara sama da rupi biliyan 3. A makonnin da yake tashe an yi ta yaɗa bidiyon ɗakunan sinima inda, da zarar an kunna fitila, wani zai miƙe yana ɗaga hannu yana jawabin ƙin Musulmi, sauran suna amsawa da kirari.

A nan ya kamata a yi wa mai son irin wannan fim adalci, a ji abin da yake faɗa. Abin da ya sami 'yan Pandit, wato mabiya addinin Hindu na Kashmir da fim ɗin ke ba da labarinsu, gaskiya ne. A 1990 'yan bindiga sun kashe wasu daga cikinsu, sun tsorata sauran, dubun-dubata suka bar gidajensu suka koma sansanoni a Jammu, kuma da yawa ba su koma ba har yau. Ɗan kallon yana cewa masana'antar Mumbai ta yi shekara 30 ba ta ba wannan labari muhimmancin da ya dace ba, cewa ta saba yi wa addininsa ba'a tana tsoron taɓa na wasu, kuma 'ya'yan manyan jarumai da ba su iya karanta rubutun Hindi ba su ne ke koya masa yadda zai so ƙasarsa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma masu sukar da suka yi watsi da shi sun ƙara masa ƙarfi ne kawai. Inda matsalar take shi ne abin da fim ɗin ya yi da wannan ciwo. Ya ɗauki laifin 'yan bindiga ya shafa wa al'umma guda, ya kau da kai daga dubban Musulmin Kashmir da su ma suka mutu a rikicin, har ɗan kallo ya fita ba tare da ya ga bambanci tsakanin mai bindiga a Srinagar da telan da ke ƙofar gidansu ba. Daraktan Isra'ila Nadav Lapid, da yake shugabantar alƙalan bikin finafinai na Goa a Nuwambar 2022, ya kira shi farfaganda a gaban ministoci, aka yi masa ca.

The Kerala Story na 2023 ya ƙara gaba. Tallarsa ta farko ta ce mata 32,000 daga jihar Kerala aka musuluntar aka tura wa ƙungiyar IS. Da aka kai maganar kotu, masu fim ɗin suka sauya bayanin zuwa labarin mata uku, kuma a gaban Kotun Ƙoli suka amince su rubuta cewa babu sahihiyar shaidar da ke tabbatar da wancan adadi. Amma lambar ta riga ta zagaye ƙasar, Modi ya ambaci fim ɗin a gangamin yaƙin zaɓen Karnataka, kuma a 2025 aka ba daraktansa kyautar ƙasa. Gwamnatin West Bengal ta 'yan adawa ta haramta shi, Kotun Ƙoli ta ɗage haramcin, abin da ke nuna cewa son rufe bakin fim ba halin jam'iyya ɗaya ba ne. Sai Chhaava a Fabrairun 2025, labarin Sambhaji, sarkin Maratha da sarkin Mughal Aurangzeb ya kashe a 1689, wanda ya ƙare da doguwar azabtarwa da aka nuna dalla-dalla. Mutane sun fito suna kuka, ƙungiyoyi suka fara neman a tone kabarin Aurangzeb da ke Khuldabad, a watan Maris rikici ya tashi a Nagpur, kuma babban ministan Maharashtra, Devendra Fadnavis, ya faɗa a majalisar jihar cewa fim ɗin ne ya hura wutar fushin jama'a a kan sarkin da ya mutu tun 1707. Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne na ƙasar bisa ƙidayar 2011, kuma su ma suna sayen tikiti. Ba wuya a gane yadda mutum zai ji yana zaune da iyalinsa a ɗakin da ake irin wannan kirari.

Yayin da fim ke zama labarai, labaran talabijin ma sun zama fim. Bayan mutuwar jarumi Sushant Singh Rajput a Yunin 2020, a daidai lokacin da korona ke cin ƙasar kuma tattalin arziki ya durƙushe, tashoshi sun shafe watanni suna yi wa budurwarsa Rhea Chakraborty shari'a a allo, da kiɗan tashin hankali da bos da komai, kafin hukumar bincike ta tarayya ta rufe fayil ɗin a 2025 ba tare da ta same ta da hannu ba. A Oktoban 2021 aka kama Aryan, ɗan Shah Rukh Khan, bisa zargin miyagun ƙwayoyi, ya yi makonni a tsare, daga baya hukumar da ta kama shi ta wanke shi. Aamir Khan ya yi magana a 2015 a kan ƙaruwar rashin haƙuri da juna, kuma shekara bakwai bayan haka aka tono maganar aka yi kiran ƙaurace wa fim ɗinsa Laal Singh Chaddha. Deepika Padukone ta je ta tsaya da ɗaliban jami'ar JNU da aka kai wa hari a Janairun 2020, ba ta ce uffan ba, amma tsayuwar kaɗai ta jawo mata kamfen. Kowane jarumi ya karanta darasin. Shi ya sa manyan taurarin suka yi gum, wasu kuma suka zaɓi hanyar Akshay Kumar, wanda ya yi hira da firaminista ana tsakiyar zaɓen 2019 ya tambaye shi yadda yake shan mangwaro.

Duk da haka, wanda ya ɗauka cewa ɗan kallon Indiya raƙumi ne da akala, duk inda aka ja shi zai bi, bai duba lissafin kasuwa ba. Samrat Prithviraj na 2022 ya sami yafiyar haraji, ministan cikin gida Amit Shah ya je kallonsa, amma ya faɗi warwas. A watannin da suka gabaci zaɓen 2024 an yi ruwan finafinan da ke tafiya da ra'ayin masu mulki, a kan Savarkar, jagoran aƙidar kishin Hindu, a kan Vajpayee, tsohon firaminista ɗan BJP, a kan 'yan tawayen gurguzu na Naxal, kuma yawancinsu ba su yi abin kirki a kasuwa ba. Emergency na Kangana Ranaut, wadda 'yar majalisar BJP ce, bai tsira ba. A ɗaya gefen, an yi wa Pathaan na Shah Rukh Khan taron dangi saboda jarumar ta sa tufafin ninƙaya ruwan goro a wata waƙa, an ƙona hotuna, wani minista a Madhya Pradesh ya yi barazana, amma da aka sake shi a Janairun 2023 ya tara sama da rupi biliyan 10 a duniya. Mutane da yawa sun sayi tikitin ne don su nuna wa Shah Rukh Khan suna tare da shi bayan abin da aka yi wa ɗansa. A Satumbar 2023 ya dawo da Jawan, wanda a cikinsa akwai manomin da bashin banki ya sa ya rataye kansa, da yaran da suka mutu a asibitin gwamnati don rashin iskar numfashi, abin da kowa ya san ya faru a Gorakhpur a 2017. Kusa da ƙarshe jarumin ya fuskanci kyamara ya ce wa jama'a su yi wa mai neman ƙuri'arsu tambayoyi kafin su dangwala, kada su duba addini ko dangi. Shi ma ya haura biliyan 10. Tsakanin waɗannan biyun Gadar 2 ya fito ya kwashi nasa rabon, kuma babu shakka akwai miliyoyin da suka yi wa duka ukun tafi.

Abin da wannan ke nunawa shi ne ɗan kallon yana biyan kuɗi ne don a motsa masa zuciya, kuma ba ya yafe wa fim mai gundura ko da ya yi daidai da ra'ayinsa. Tikiti ba ƙuri'a ba ce. A Janairun 2024 manyan taurari suka yi layi a Ayodhya wajen buɗe haikalin Ram da aka gina a filin masallacin Babri, amma a watan Yuni BJP ta sauka zuwa kujeru 240, ƙasa da 272 da ake buƙata don rinjaye, ta kuma rasa mazaɓar Faizabad da Ayodhya ke cikinta.

Talakan arewa da Mumbai ta manta da shi kuwa ya sami mai yi masa magana daga kudu. Pushpa, fim ɗin Telugu da aka fassara zuwa Hindi, labarin lebura ne mai gemu buzu-buzu da ake goranta wa rashin sunan uba, wato kusan Amitabh na Deewaar ya dawo da wani harshe. Kuma a Tamil da Marathi ne daraktoci irin su Pa. Ranjith da Mari Selvaraj da Nagraj Manjule suke kallon zaluncin tsarin gado ido da ido. Da aka sake yin Sairat na Manjule da Hindi a 2018 da sunan Dhadak, sai aka tsame yawancin zafin wannan batu.

A ganina, babbar asarar ba ta cikin finafinan da ake yi, domin su ana ganinsu, ana iya sukarsu, kasuwa ma tana hukunta su. Tana cikin waɗanda ba a yi ba. A da mai fim yana da mafita idan hukumar tacewa ta matsa masa. A 2016 ta nemi a yanke wurare 89 daga Udta Punjab, mai magana a kan shaye-shaye a jihar Punjab, babbar kotun Bombay ta ce wuri ɗaya ya isa. A Afrilun 2021 aka rushe kotun ɗaukaka ƙara ta musamman da masu fim ke kai kukansu, saboda haka yanzu sai doguwar shari'a mai cin kuɗi, alhali bashin da aka yi fim da shi yana ƙara ruwa. Manhajojin kallo ta intanet, waɗanda aka ɗauka su ne filin 'yanci, sun ja da baya tun bayan Tandav a Janairun 2021, lokacin da aka shigar da ƙararraki a ofisoshin 'yan sanda na jihohi daban-daban, masu shirin suka ba da haƙuri suka yanke wasu wurare, wata babbar jami'ar Amazon ta koma neman beli. Daga nan lauyoyi suka fara karanta labari kafin darakta ya ɗora kyamara, kuma ayyukan da aka riga aka fara, har da wani fim da Dibakar Banerjee ya kammala wa Netflix, aka jingine su. Marubucin da ya ga haka ba ya jiran a hana shi, tun a takarda yake sauya sunan bos ya goge sunan jihar.

Shekarar 2025 ta nuna ɓangarorin biyu a fili. Phule, labarin Jyotirao da Savitribai Phule da suka buɗe wa 'yan mata makaranta a Pune a 1848 suka yaƙi fifikon Brahmin, sai da aka ɗage fitowarsa aka cire sunayen wasu rukunonin gado, a fim ɗin da batunsa ke nan tun farko. Santosh, a kan 'yar sanda da ke binciken kisan wata yarinya Dalit, an nuna shi a Cannes, Birtaniya ta tura shi gasar Oscar, amma bai sami izinin shiga sinimar Indiya ba. Punjab '95, a kan Jaswant Singh Khalra, mai fafutukar da ya bankaɗo yadda 'yan sanda suka ƙona gawarwakin mutanen da suka ɓata kafin shi ma a sace shi a 1995, ya shafe shekaru a hannun hukumar tacewa, wadda ta nemi a gyara wurare sama da 100, duk da cewa abin ya faru ne a zamanin mulkin Congress. A watan Mayu kuwa, bayan harin Pahalgam da ya kashe mutum 26 da farmakin ramuwar da Indiya ta kai Pakistan mai suna Operation Sindoor, ba a ko tsagaita wuta ba kamfanonin fim suka fara rige-rigen yi wa sunan farmakin rajista, har kamfanin Reliance ya shigar da takardar mallakarsa, ya janye ta da surutu ya yi yawa.